Huji na Takwas

"To auna mana, Baba. Ga ma'auni nan a gabanka, ka auna ka nuna mini inda hannuna ya kauce."

Dogo ne ke wannan magana, sabon mai injin huji, yana tsaye a tsakiyar ofishin zane da takalminsa mai baƙin mai, a kan simintin da ban daɗe da gogewa ba. Ya ɗora wata sandar ƙarfe a kan teburin Mai Zane, a kan farar takarda kuwa, abin da ko Manaja bai taɓa gigin yi ba. Sandar faffaɗa ce, ta kai tsawon hannun babban mutum, da huji takwas a jere kamar gidan maɓallan riga. Irinta arba'in aka dawo da su da safen Litinin ɗin nan daga sashen da ake haɗa famfo. Wai noti shida suna shiga lafiya, na bakwai sai an taimaka masa da guduma, na takwas kuwa ko me za a yi masa ba ya shiga.

Mai Zane ya ce shi babu abin da zai auna. Ya ce shekara ashirin da shida ana huda wannan sanda da wannan zanen, ba a taɓa dawo da ko ɗaya ba, sai da aka kwaso mai tsawon banza aka tsayar a gaban injin. Ya ce a ɗauke masa ƙarfe daga kan takarda tun ransa bai gama ɓaci ba. Dogo ya ce tsawon dai nasa ne, bai musa ba, amma lambobin da ke jikin takardar ba shi ya rubuta su ba, kuma ko ɗaya bai tsallake ba.

Ni ina lungu da tsintsiyata. Na gama sharar ofishin tun ɗazu, amma na koma ƙarƙashin durowa, domin wurin nan yana da tara ƙura in ana rigima.

Ana cikin haka Manaja ya hauro bene, Injiniya tana biye da shi. Ita Injiniya matashiya ce, wata takwas ke nan da zuwanta, ɗakinta yana jikin ofishin zane, kuma da kwamfuta take nata aikin. Ta ɗauki ma'aunin nan mai buɗe baki, ta bi sandar huji bayan huji, tana duba zanen tana rubutawa a 'yar takarda. Ta sa aka hauro da wasu sandunan biyu, su ma ta auna. Sannan ta ce kowane tsakani ya ɗan zarce, amma babu wanda ya fita daga rangwame.

Wannan rangwamen ni ma a bakinsu na tsince shi, shekara goma sha tara ina shara a tsakaninsu. Babu hannu, babu injin da zai huda ƙarfe cif-cif a inda aka ce masa. Shi ya sa in mai zane ya rubuta awo, sai ya maƙala masa 'yar alamar ƙari da ragi a gefe, da wata ƙaramar lamba. Ma'ana an yarje maka ka wuce kaɗan ko ka gaza kaɗan, iyakarka ke nan. Rangwamen wannan sandar kashi biyu ne cikin goma na milimita, kaurin silin gashi uku in ji su. Ban san gashin wa suka auna ba.

Manaja ya shafa ƙeya. Ya ce takarda ta ce daidai, ma'auni ya ce daidai, amma noti ya ce a'a, shi kuma noti ba ya jin kunyar kowa. Ya ce ya ba su zuwa ranar Alhamis. In hannu ne da laifi a canza hannu, in takarda ce a canza takarda. Sai ya juya yana kallon taga, ya ƙara da cewa dama masu sito sun daɗe suna roƙonsa wannan ɗakin, kuma abin da ake yi a cikinsa kwamfuta ma tana yi. Bai kalli Mai Zane ba, shi ya sa kowa ya gane da wa yake. Shekara biyu ke nan da lokacin ritayar Mai Zane ya wuce. Abu ɗaya ya riƙe shi a kujerar, shi ne kowa ya san aikinsa ba ya dawowa.

In aka fitar da shi daga ɗakin nan ban san inda zai nufa ba, kuma na tabbata shi ma bai sani ba. Matarsa ta rasu shekara tara da suka wuce. 'Ya'yansa biyu suna can nesa, sukan kira ranar hutu, su tambayi ƙafarsa ya ce da sauƙi, su tambayi aiki ya ce an gode Allah, shi ke nan magana ta ƙare. Ɗaki ɗaya yake zaune a bayan wani dogon gini. Na taɓa kai masa saƙo lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi, na ga gado, na ga kujera ɗaya, kofi ɗaya, da rula rataye a ƙusa. Ba wai na ƙi leƙe-leƙe ba ne, ɗakin ne ba shi da inda za a leƙa. Kullum yana bakin ƙofar ma'aikata kafin a buɗe. Zai hau, ya goge teburinsa da na riga na goge, ya feƙe fensir, ya zauna. Lambobinsa kuwa, in ka ga yadda yake zana su sai ka ce a sa musu gilashi a rataye.

Da can ba haka ofishin zanen yake shiru ba. Akwai Gajere, wanda ke kan injin huji kafin Dogo, wanda Allah ya yi wa rasuwa wata huɗu da suka wuce bayan jinyar da ba ta kai mako biyu ba. Tare suka tsufa a wurin nan. Ƙarfe goma na yi Gajere zai kashe injin, ya wanke hannu sau uku da sabulu, ya hau bene yana haki, ya zauna a kan wani akwatin katako kusa da teburin. Su sha shayi suna zagin juna. Shi yana ce wa Mai Zane sarkin fensir, wanda bai taɓa ɗaga abin da ya fi magogi nauyi ba. Mai Zane yana ce masa guntun ƙarfe, ragowar da aka yanke aka yar. Daga nan Mai Zane zai shimfiɗa sabon zane ya fara yabon kansa, ya ce a nuna masa wani mai wannan hannun a ko'ina. Gajere ya kurɓi shayi ya ce gaskiya ne, zanen nan ko makaho aka ba zai bi.

Tun da aka binne Gajere, a tsaye Mai Zane yake shan shayinsa, a jikin tagar da ke kallon ɗakin injina. Akwatin yana nan a wurinsa, ni nake zagaye shi da tsintsiya. Wani lokaci yakan tsare ni da labarin yadda danshi ke sa takarda ta miƙe, ko yadda fensirin yanzu ba shi da zuciya. Ba na gane rabi, kuma babu wanda aka saki ko aka kama a cikin labarin, amma nakan tsaya.

Ranar Talata Injiniya ta shigo da sallama, ta nemi izinin zama. Ta ce ta kwana tana juya zanen, kuma tana jin ta ga inda matsalar take. Cikin ladabi ta yi bayanin, har da su "ka fi ni sani, Baba". Ta ce zanen ya auna huji na biyu daga na farko, na uku daga na biyu, haka har ƙarshe. Kowanne yana da nasa rangwamen. In duk suka zarce kaɗan-kaɗan, babu wanda ya yi laifi, amma na takwas zai kwashi zarcewar duk waɗanda ke gabansa, kusan milimita ɗaya da rabi. Ta ce ƙa'ida ita ce a zaɓi gefe ɗaya na sandar, kowane huji a auna shi daga can, don kada wani ya gaji kuskuren wani.

Ni da ban wuce aji huɗu ba na gane. Na taɓa ɗinka wa jikata maɓallai, ina auna kowanne da yatsa biyu daga na samansa, na ƙarshe ya je ya sauka a inda babu gida.

Mai Zane ya saurare ta hannu a harɗe. Da ta gama ya tambaye ta shekarar da aka haife ta, ta faɗa. Ya ja durowa ya nuna mata kwanan watan da ke kusurwar zanen, ya girme ta da shekara ɗaya.

"In haka ne, 'yata, me ya hana abin faruwa duk tsawon shekarun nan? Ko bana ne ƙarfe ya fara girma?"

Ta ce gaskiya wannan ba ta da amsarsa. Ta tattara takardunta ta koma ɗakinta.

Ranar nan Mai Zane har waƙa ya yi a ƙasan maƙogwaro. Ya sauka ɗakin injina, karon farko tun rasuwar abokinsa, ya tsaya a bayan Dogo yana kallon hannunsa yana girgiza kai. Ya gaya wa mai walda, ya gaya wa mai sito, ya gaya wa direba, cewa boko ya zo ya gaishe shi ya koma. Da aka tashi na ga Dogo ya naɗe kayan aikinsa ya sa a leda, alhali tsakiyar mako ne, ba ranar wanki ba. Nakan tsokane shi ina ce masa mijina. Na ce mijina ina za ka da kaya, ko sakina za ka yi? Ya ce, "Bari kawai, Gwaggo," ya wuce. Ko murmushi bai yi ba.

Tambayar Mai Zane ce ta bi ni har gida. Ina tsintar shinkafa wani abu ya faɗo mini a rai.

Gajere yana da wata ɗabi'a. Duk lokacin da aka sauko masa da sabon zane, ba ya fara aiki a ranar. Washegari zai zo da wani ɗan kati a aljihun gaba, irin wanda ake yankowa daga kwalin noti. Zai jingine shi a bayan injin inda ido ba ya kaiwa, yana leƙawa yana aiki, da ya ji takun mutum sai ya mayar aljihu. Na sha gani. A lokacin na yanke hukunci cewa wasiƙa ce, kuma na san ta wace ce, wata mai sayar da tikiti a tashar mota da yake yawan gaisarwa. Mutum uku kawai na gaya wa. Ban san yadda aka yi maganar ta kai kunnen matarsa ba. Ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba, ni kuma ta yi shekara guda.

Ranar Laraba da na tashi aiki da rana, sai na ga ya kamata in je in gaishe da matar Gajere, dama na daɗe ban leƙa ta ba. Na same ta a ɗakinta ita kaɗai, 'ya'yan duk sun koma inda suke. Rigar aikin Gajere tana rataye a bayan ƙofa, an wanke ta amma baƙin man bai fita daga aljihun ba. Ta kawo ruwa, muka gaisa, muka taɓa maganar maƙwabciyarta da ta aske gira, muka taɓa ta surukarta. Sannan na ɗan karkato da zance zuwa ma'aikata, na ba ta labarin sanduna arba'in da huji na takwas, na ce Dogo dai da alama ya gama.

Ta kalle ni. Can ta miƙe ta durƙusa ta jawo wasu kwalayen takalmi biyu daga ƙarƙashin gado, ta ajiye a gabana.

"Ga wasiƙun budurwar da kika aura masa," in ji ta. "Karanta, tunda su kika zo nema."

Katuna ne cike, an jera su a tsaye, wasu sun yi ja don tsufa. Kowanne da lambar zane a sama, a ƙasa kuma lambobi a jere da fensir, rubutun Gajere mai kama da ƙafar kaza. Babu ko kalma ɗaya ta soyayya, na duba sosai.

Ta ce abin ya faro ne tun watan da aka ɗauki Mai Zane aiki, lokacin yana gwaji, ko dai a riƙe shi ko a sallame shi. Shi bai yi makarantar zane ba, kwafin zanen wasu ya yi ta yi har hannunsa ya faɗa. Zanensa na farko da ya sauko, Gajere ya duba ya ga an auna huji daga huji. Ya san in ya kai ƙara yaron ya tafi ke nan. Sai ya kwafo lambobin ya zo gida, ya zauna a tabarma bayan la'asar ya haɗa su ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da kowane awo ya taso daga gefe ɗaya. Da katin ya yi aiki, kaya suka shiga lafiya, aka yabi sabon mai zane. Ya ce mata in gwajin ya ƙare zai gaya masa. Gwaji ya ƙare, sai ga bikin Mai Zane, ya ce ba a gaya wa ango irin wannan. Bayan biki aka ƙara masa girma. Bayan nan haihuwa. Bayan nan suka zama abin da suka zama, kuma kowace shekara maganar tana ƙara nauyi. Da matar Mai Zane ta rasu, Gajere ya ce shi kam ya bar ta har abada, mutumin nan zanen kaɗai ya rage masa.

Ta ce a asibiti ya ce ta ƙone su. Ta kasa. Duk rubutun da ya bari a duniya ke nan, bai taɓa rubuta mata ko layi ɗaya ba. Ta sa na yi alkawari ba zan gaya wa Mai Zane ba, na yi.

Kuma ban gaya wa Mai Zane ba. Injiniya na gaya wa.

Na sha tambayar kaina dalili. In na ce don Dogo ne, wanda za a kora a kan abin da bai yi ba, ban yi ƙarya ba. In na ce maganar ce ta yi mini girma a baki, nan ma ban yi ƙarya ba. Na sami Injiniya kafin ta shiga motarta da yamma, ta mayar da ni gidan. Ta durƙusa ta gaishe da matar Gajere, ta roƙi kati ɗaya tak, na sandar nan. Matar ta harare ni harara mai kyau. Sannan ta tura kwalayen biyu da ƙafa, ta ce in ɗaya ya fita sauran ma su bi shi, ta gaji da kwana a kan asirin maza.

Da safen Alhamis Injiniya ta miƙa wa Dogo katin, ta ce ya huda sanda ɗaya da shi. Ya huda, aka kai sashen haɗa famfo, noti takwas suka shige da yatsa, babu guduma. Ta ce masa ya riƙe bakinsa tukuna. Ta ɗauki kwalayen ta hau bene. Ta tarar da ni a ciki, ta ce Gwaggo don Allah ki ɗan ba mu wuri. Na ba su wuri. Gilashin ƙofar ya daɗe yana buƙatar goge daga waje.

Ta ajiye kwalayen a kan akwatin katako, ta ce masa daga gidan Gajere suke. Ba ta yi wani dogon bayani ba, ta zaro katin sandar ta ɗora a gefen zanen. Mai Zane ya gyara tabarau. Rubutun ya fara ganewa kafin lambobin, na ga haka a fuskarsa, domin ya ɗan yi murmushi irin na wanda ya hango ɗan'uwa a tasha. Sannan ya duba lambar da ke sama, ya duba kusurwar zanensa. Ya ɗauki fensir ya fara haɗa lambobinsa a gefen takarda, na farko da na biyu, abin da ya fita da na uku, a hankali, leɓensa yana motsi. Duk abin da ya fita sai ya same shi a katin. Da ya kai na takwas ya ajiye fensirin.

Ya jawo kwalin farko. Ya zaro kati, ya karanta lambar, ya buɗe durowa ya nemo zanen. Ya zaro wani, ya nemo nasa. Haka ya yi ta yi har teburin ya cika da takardu, wasu suka zubo ƙasa, shi da ko ƙurar magogi ba ya bari ta kwana. A can ƙarshen kwalin ya sami wani da ya yi laushi kamar tsumma, mai lambar zanensa na farko. A kwali na biyu ya sami na ƙarshe, na wata biyar da suka wuce, rubutun yana rawa.

Ya tambaye ta ko nawa ne, ta ce ba ta ƙirga ba. Ya tambaya ko Manaja ya sani, ta ce ta gaya masa yanzu a waya. Ya ce ta sake yi masa bayanin shekaranjiya. Ta sake, wannan karon ya sa ido a kan yatsanta. Ya ɗauki sabuwar takarda, ya ja sandar, ya ja layukan awo takwas duk daga gefen hagu, kowanne ya fi na samansa tsawo, kamar matakala. Ya tura mata. Ta ce haka ne, Baba, babu gyara.

Ya kalli agogon bango.

"Minti goma," ya ce. "Abin minti goma ne, 'yata. Ko shayi bai isa ya huce ba. Kullum yana zaune a nan, ina shimfiɗa masa takarda ina cika baki, yana ce mini gaskiya ne. Sannan ya tafi gida ya zauna a tabarma yana yi mini gyara kamar ɗan firamare."

Injiniya ta ce don yana ƙaunarsa ne. Ya ce ya sani. Ya ce da maƙiyi ne ya yi masa haka da ya san inda zai ajiye abin. Ya ce shi a zatonsa mutum biyu ne a ɗakin nan duk shekarun, ashe akwai wanda ya sani, akwai wanda ake lallaɓawa. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

Nan Manaja ya hauro, ya wuce ni a bakin ƙofa bai ma tambayi me nake gogewa ba. Fuskarsa a sake, tunda famfo zai fita. Ya ce an gode Allah an gano bakin zaren, kuma shi ya yi tunani, babu wanda zai tafi. Dogo yana nan a injinsa. Baba ma yana nan a teburinsa, masu sito su nemi wani ɗakin. Baba ya ci gaba da zanensa da hannu yadda ya saba, in ya gama ya miƙa wa Injiniya, ita za ta shigar a kwamfuta ta daidaita lambobin, nata ne zai sauka wurin injin. Ya ce babu wanda zai ji, an ja wa Dogo kunne.

Mai Zane ya tambaya, to nasa zanen ina za shi. Manaja ya ce za a adana shi a durowa da kyau, irin wannan hannun ai ba a yar da shi.

Sai Mai Zane ya miƙe tsaye, ya haɗa hannuwa a gaba, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba. Ya ce yana neman alfarma ɗaya. A bar shi ya gyara tsofaffin zanen da kansa, ɗaya bayan ɗaya, yanzu ya gane. Injiniya ta duba a gabansa, in ya yi kuskure ta faɗa masa a fuska, ko a gaban wa. In ya gama, a sallame shi. Ya ce ba zai wuce shekara ba.

Manaja ya yi 'yar dariya irin ta lallashi. Ya ce haba Baba, me zai sa ka wahalar da idonka, abin da kwamfuta za ta gama a mako guda. Ya dafa kafaɗarsa ya ce ya zauna ya huta, ya sha shayinsa, kujerarsa tana nan muddin yana so, su za su kula da sauran. Injiniya ta fara cewa ranka ya daɗe ai za a iya gwadawa, Manaja ya ɗaga mata hannu ya ce an gama magana.

Mai Zane ya dubi hannun da ke kafaɗarsa har sai da aka ɗauke shi.

"An taɓa yi mini wannan alherin, ranka ya daɗe," ya ce. "Sau ɗaya ya ishe ni."

Ya ɗauki hularsa daga ƙusa. Bai taɓa komai a teburin ba, ya taka takardun da ke ƙasa ya nufo ƙofa. Na matsa gefe da tsummana. Ya tsaya a gabana ya tambaya ko ni ma na sani. Na ce tun jiya ne kawai, Malam, wallahi tun jiya. Ya gyaɗa kai ya ce to ni kaɗai ce ban iya riƙewa ba, Allah ya saka mini. Har yau ban san ko godiya ce ko wani abu ba.

Manaja ya kira shi daga ciki, ya ce Baba ka dawo mu yi magana mana. Mai Zane ya kama hannun ƙofar ya jawo ta da iya ƙarfinsa, ta bugu har gilashin ya yi ƙara.